Daga Bakin Allo: Zaren Auduga da Saƙar Tabarma

Kwanan baya wani yaro a ajina ya ce mini, "Malam, me ya sa zare ya ke da ƙarfi, alhali auduga laushi gare ta?" Na ce masa murɗawar mazari ce. Wannan rabin amsa ne, na kuwa koma gida raina bai kwanta ba. Ga sauran.

Kun san hasken nan da a ke ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, watau eksire, wanda wani Bajamushe, Rontgen, ya gano a 1895. A 1912 aka ga yana da wani amfani dabam. Kowane abu an gina shi da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. In aka haska eksire ga abin da ƙwayoyinsa su ke jere sahu-sahu, kamar gishiri, sai hasken ya watse ya bar ɗigo-ɗigo a kan fim. In kuwa a hargitse su ke, ba a samun ɗigo, sai wani zobe dishi-dishi. Daga yadda ɗigogin su ka faɗi a ke lissafa nisan da ke tsakanin ƙwayoyin. Ba ganinsu a ke yi ba, sawunsu a ke bi.

Da aka gwada irin zaren da ke cikin auduga da rama, sai ga ɗigo. Ashe akwai tsari a ciki. Lissafi ya nuna tsarin yana maimaita kansa a kowane kashi ɗaya cikin miliyan na milimita, ko kusa da haka.

To, nan gardama ta tashi a Jamus. A 1920 wani masani, Staudinger, ya ce auduga da roba da sitaci dogayen sarƙoƙi ne, dubban ƙwayoyi ƙulle da juna. Manyan masana su ka ƙi. Su ka ce hoton eksire ya nuna ɗan ƙaramin gida ne ya ke maimaituwa, yaya doguwar sarƙa za ta shiga ɗan ƙaramin gida? Har wani babba a cikinsu ya ba shi shawara ya bar zancen.

Amma ku dubi tabarmar da ku ke zaune a kai. Zanenta yana maimaituwa bini-bini, kabar kuwa ba ta ƙare a inda zanen ya ƙare ba, ta ratsa gidaje da yawa ta wuce. Haka Herman Mark da Kurt Meyer su ka bayyana a 1928 game da zaren tsiro: gidan ƙarami ne, sarƙar ce ta ke ratsa gida bayan gida. Hoton bai yi ƙarya ba, karatunsa ne aka yi kuskure. Na sha ganin irin wannan a taron nazarin Littafi Mai Tsarki, mutum ya kama aya ɗaya ya manta tana da gaba da baya. Staudinger dai sai a 1953 aka ba shi kyautar Nobel, bayan shekara 33.

Yanzu ga amsar yaron. Cikin kowane silin auduga sarƙoƙin suna kwance gefe da gefe ta tsawonsa, a wurare da yawa sun jeru tsaf sun manne da juna. Kafin zare ya tsinke sai an raba dubbansu. A waɗansu wurare kuwa ba su jeru ba, akwai 'yan kafofi. Ta nan ruwa da baba su ke shiga, shi ya sa rigar auduga ta ke shan gumi, ta ke kuma karɓar rini a marina. Mahalicci ya haɗa su biyu cikin sili ɗaya.

Roba ta fi ba ni mamaki. A 1925 wani mutumin Holan, Katz, ya haska ta tana sake, ya sami zobe dishi-dishi. Ya ja ta sosai ya sake haskawa, sai ga ɗigo. Ja ne ya miƙe sarƙoƙin har su ka jeru, in an saki kuma su koma su cukurkuɗe. Iyaye, ku ari robar danƙon yaranku, ku ja ta da sauri ku taɓa ta a leɓe, za ku ji ɗan ɗumi. Ku bari ta huce a miƙe, sa'an nan ku sassauta ta ku sake taɓawa, za ku ji sanyi.