"Ai wasa ne," in ji ku

1/ Ƙanwata 'yar SS2 ce. Ƙawarta ta ɗauki hoton hirarsu ta sirri ta watsa a guruf ɗin ajinsu na WhatsApp. Kafin magariba har ya kai TikTok.

2/ Sati uku ke nan ba ta leƙa makaranta ba. Ba ci, ba barci, waya na yin ƙara sai jikinta ya hau rawa. A gida aka ce aljanu ne, aka kira mai ruƙiyya.

3/ Wallahi ba ƙawar ce ta fi ba ni haushi ba. Ku ne, masu turawa gaba kuna dariya, wai "ai wasa ne". Jiya da dare ni na ɓoye kwalbar fiya-fiyar gidanmu. Wane irin wasa ne wannan?