Ruwan zafi a hunturun Mubi: Hitar gas na da amfani, amma da sharaɗi

Duk wanda ya taɓa kwana a Mubi cikin Disamba ko Janairu ya san irin sanyin da ke sauka da asuba a gindin duwatsun Mandara. A lokacin ko ruwan alwala sai an ɗumama shi, balle na wankan 'yan makaranta. A gidaje da dama itace ko gawayi ke ɗaukar wannan nauyi, wasu kuma su tsoma hitar lantarki a bokiti idan kamfanin YEDC ya kawo wuta.

Ma'aikacin da ke Abuja, wanda ke aika kuɗin itace gida duk wata, yana iya tunanin saya wa iyayensa hitar gas mai ɗumama ruwa nan take. Tunanin yana da hujja. Wannan na'ura ba ta da tankin ajiya. Da an buɗe famfo sai wutarta ta kama, ruwa ya bi ta cikin bututun da harshen wuta ke gasawa, da an rufe kuma ta mutu. Ba ta ɓarnar makamashi wajen riƙe zafin ruwan da babu mai bukatarsa, kamar yadda hitar lantarki mai tanki ke yi. Yawancinsu da batir suke kunnuwa, saboda haka ɗaukewar wuta ba ta shafe su ba.

Lissafin ma a fili yake. Ƙara wa bokiti mai lita 20 zafin digiri 20 na cin kusan rabin yunit na lantarki, ko kimanin giram 50 na gas. Ke nan tukunya mai kilo 12.5 za ta iya ba da bokiti kusan 250.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Na farko, na'urar ba ta kamawa sai ruwa na zuwa da ƙarfi ta bututu. Gidan da ya dogara da mai ruwa da jarkokinsa sai ya fara ɗora tanki a sama. Na biyu shi ne mafi hatsari: gas da ke ci a rufaffen banɗaki yana fitar da iskar guba marar launi marar wari, wadda ke kisa cikin shiru. Dole a kafa na'urar a waje, ko a yi mata bututun fitar da hayaƙi, kuma ƙwararre ya ɗaura ta.

A nan ne nauyi ya hau kan masu tsara manufofi. A 2021 gwamnatin tarayya ta ayyana shekaru goma na gas, amma maganar gas a gida ta fi tsayawa kan girki, alhali ruwan zafi ma na cin itace. Ya kamata hukumar SON ta sa ido kan ingancin hitocin da ke shigowa kasuwa, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi kuma ta horar da matasan da za su riƙa ɗaura su. Idan babu waɗannan, gara tsohuwa ta ci gaba da ɗora tukunyarta a murhu da a shigar mata da ajali banɗaki.