Hawan Kibo Ne Ke Ƙayyade Lodin Jos

Bai kamata mai fitar da dankalin turawa daga Jos ya zaɓi hanya don gajartarta kawai ba. Abin lura shi ne inda ta fi ƙunci, domin nan ne ke ƙayyade lodin da za ta ɗauka.

Masu kuza sun ɗanɗana haka. Siririn layin dogo ya iso Jos a 1914, amma sai an sauya wa kaya jirgi a Zariya. Da babban layi ya zo ta Kafanchan a 1927, kuza ta koma can, aka rufe ƙaramin a 1957.

A yau ƙuncin yana Hawan Kibo, kan hanyar Akwanga, inda tireloli ke shan wuya. Can ya kamata gwamnatin tarayya ta fara kai kuɗin gyara.