Porridge: Kunun da Ya Zama Sunan Ɗauri

Abin da ya ɓata mini rai a wannan makon dariya ce. Wani mai fassarar finafinan Turanci ya ci karo da wurin da wani tsohon ɓarawo ke cewa ya yi shekara uku yana porridge, sai ya fassara da cewa mutumin ya shekara uku yana shan kunu. Waɗanda suka san kan Turancin Ingila suka yi ta ƙyaƙyata dariya suna yi masa gori, domin a bakin 'yan Landan na da, wanda ya yi porridge ɗaure shi aka yi. Gaskiyarsu, fassarar ba ta yi daidai ba. Amma a cikin masu dariyar ban ji wanda ya tsaya ya tambayi yadda aka yi sunan abin karin kumallo ya zama sunan zaman gidan yari ba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma labarin da ke bayan wannan kalma ba na dariya ba ne.

A madafa dai ma'anar a fili take. Ana dafa oats, wani hatsi ɗan'uwan alkama da sha'ir mai son ƙasa mai sanyi da danshi, a cikin ruwa ko madara har ya yi kauri. Shi ne muke saye a gwangwanin Quaker Oats muna dama wa marar lafiya da mai jego. Mutanen Sikotilan sun riƙe shi abincin gado, da gishiri suke cinsa, suna da 'yar muciyarsu ta musamman da suke kira spurtle, kuma tun 1994 ake gasar dafa shi ta duniya a ƙauyen Carrbridge.

Bari in ɗan ratse zuwa tsohuwar rigimata da malaman Turanci. An daɗe ana yi wa yaranmu tsawa idan suka kira faten doya da yam porridge, ana cewa kuskure ne, wai pottage ne daidai. Alhali a ƙarni na 16 kalmar porridge daga pottage ɗin ta ɓalle, kuma a farkon rayuwarta tana nufin romon nama da ganyaye mai kauri ne. Kunun oats daga baya ya ƙwace sunan. Ke nan mai sayar da abinci a bakin tasha da ta rubuta yam porridge a allonta ta fi kusa da tsohuwar ma'anar fiye da malamin da ke gyara mata. Na sha faɗa cewa muddin muna koyar da harshe a kan kalma ɗaya ma'ana ɗaya, hadda kawai, za mu ci gaba da yaye ɗalibai masu tsoron buɗe baki. To, mu koma gidan yari.

A shekarar 1822 hukumomin kurkukun Millbank da ke bakin kogin Thames a Landan suka ga cewa fursunoni na cin abinci fiye da kima, sai suka zabge shi. Kafin shekara ta zagayo, gudawa da ciwon nan mai kumbura dasashi yana zubar da haƙora, wanda rashin ganye da 'ya'yan itatuwa ke kawowa, suka ɓarke a gidan. Mutane suka mutu, har ta kai an kwashe fursunonin an bar ginin fayau. A wurin da kurkukun yake a da, yau gidan adana zane-zane na Tate Britain ne ke tsaye.

Sai ka ce wannan ya isa darasi. A 1843 Sakataren Harkokin Cikin Gida, Sir James Graham, ya fitar da jadawalin abincin fursunoni tare da gargaɗin kada a mayar da abinci makamin horo. Bayan shekara ashirin, a 1863, wani kwamitin Majalisar Dattawan Ingila a ƙarƙashin Lord Carnarvon ya juya akalar, ya nemi aiki mai wuya da abinci mai wuya da makwanci mai wuya, kuma dokar gidajen yari ta 1865 ta bi wannan hanya. Hujjar ita ce wadda aka gina gidajen gajiyayyu a kanta tun dokar 1834: kada wanda hukuma ke ciyarwa ya fi lebura mafi talauci da ke waje jin daɗi. Leburan nan na waje kuwa da yunwa yake kwana. Ka ga ke nan sai a nemo wa fursuna abin da ya fi yunwar lebura tsanani.

An kuwa nemo. Da dokar 1877 ta mayar da dukkan gidajen yari hannun gwamnatin tsakiya a ƙarƙashin Edmund Du Cane, sai aka shigo da wani dame da ake kira stirabout, garin masara da garin oats a cikin ruwa. Fursunoni da yawa sun gwammace su kwana da yunwa da su haɗiye shi. Kuma da wannan cikin ake sa mutum ya wuni yana taka wata ƙatuwar ƙafar inji mai matakala da injiniya William Cubitt ya ƙirƙiro a 1818, yana hawa ba ya isa ko'ina.

Marubuci Oscar Wilde ya ɗanɗana wannan tsari. An yanke masa ɗaurin shekara biyu da aiki mai tsanani a 1895, ya zauna a Pentonville da Wandsworth da Reading. Ba shari'arsa nake magana a kai ba, abin da ya gani da idonsa nake nufi. Yana fitowa a watan Mayun 1897 ya rubuta wa jaridar Daily Chronicle doguwar wasiƙa a kan wani gandiroba mai suna Martin, wanda aka kora daga aiki don ya ba wani ƙaramin yaro fursuna biskit da ya ga yunwa ta galabaitar da shi. Ku dubi girman wannan al'amari. Yaro ne ƙarami, an kulle shi, ya kasa cin abin da aka ajiye masa, wani bawan Allah ya tausaya masa da ɗan abin da ke aljihunsa, hukuma ta ce tausayin nan laifi ne da ya cancanci kora. A watan Maris na 1898 Wilde ya sake rubutawa, ya lissafa yunwa da rashin barci da cuta a matsayin horon da doka ta halatta a kurkukun Ingila. A shekarar ne aka yi sabuwar dokar da ta fara sassauta abubuwa. Shi kuwa ya mutu a Paris a 1900 yana ɗan shekara 46.

Wannan shi ne kayan da kalmar ke ɗauke da shi. Kunun safe ya zama abin da ɗaurarre ke ƙirga kwanakinsa da shi, har zuwa shekarun 1950 aka fara ganin porridge a rubuce da ma'anar wa'adin ɗauri. Daga 1974 zuwa 1977 BBC ta yi wasan barkwanci mai suna Porridge, wanda Dick Clement da Ian La Frenais suka rubuta, Ronnie Barker ya fito a matsayin tsohon ɗan gidan yari Fletcher. Daga nan kalmar ta shiga kowane gida a Ingila, ta yi laushi, ta zama abin raha. Ba na zargin wasan da komai. Amma su sun yi dariyarsu ne bayan sun karya injin takawar, sun daina ɗaure yara ƙanana tare da manya. Mu da muke tayawa, me muka gyara?

Domin mu ma muna da tamu kalmar. Idan aka ce wane ya ci gabza, babu Bahaushen da zai tambaya a wane gidan biki. Abin da ya faru da Turanci shi ne ya faru da Hausa, kuma dalilin ɗaya ne: duk inda sunan abinci ya zama sunan hukunci, to, a wurin an yi horo da yunwa, kuma bakin talaka ya riƙe shaidar. A 2019 an yi doka an sauya sunan hukumar gidajen yarin Nijeriya, yanzu gidan gyaran hali muke cewa a rediyo da jarida. Allon ƙofa ya sauya. Kalmar gabza tana nan daram a bakin mutane, domin su daga tukunya suke samun labari.

A ƙarshen 2023 aka shaida wa wani kwamitin Majalisar Dattawan Nijeriya cewa Naira 750 ake ware wa kowane fursuna don abincinsa na yini guda, karnukan hukumar kuwa Naira 800 kowanne. A 2024 aka ɗaga na fursunan zuwa Naira 1,125. Duk mai zuwa cefane ya san abin da wannan kuɗin zai saya, balle a raba shi safe da rana da dare, balle kuma a cire ribar ɗan kwangila. Na san za a ce mini mutanen kirki ma a waje da yunwa suke kwana, kuma wannan ita ce daidai hujjar Carnarvon, wadda Ingila ta gwada shekara da shekaru ta binne gawawwaki sannan ta watsar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mafi yawan waɗanda ke tsare a gidajen nan ba a ma yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Wani rigimar gona ce, wani bashi ne, wani kamen dare ne ya rutsa da shi, wani tarar 'yan dubbai ce ta gagare shi. Ko wanda aka tabbatar wa laifi, alƙali ɗauri ya yanke masa. Babu alƙalin da ya taɓa rubuta yunwa a takardar hukunci. Wanda ya ƙara ta a kai zalunci ya yi, ko yana sanye da kaki ko yana riƙe da takardar kwangila, kuma Allah zai tambaye shi. Addinin da ya yabi masu ciyar da miskini da maraya da kamamme bai bar mana kafar cewa ba ruwanmu ba.

Kirana ga manyan alƙalan jihohi da ke kai ziyara gidajen yari suna sakin waɗanda suka daɗe: idan kun je, kada ku tsaya a ofis da farfajiyar da aka share domin ku. Ku shiga madafa ba tare da sanarwa ba, ku sa a buɗe tukunyar, ku ɗiba ku kai baki. Masu hali kuma da ke neman inda za su kai sadaka, akwai gidan yari a garinku, kuma ana karɓar buhun hatsi da kuɗin tara.