Takardar 'Yan Asali Ta Fi Takardar Digiri?

'Yan uwa, an kafa Sabo ta Ibadan tun 1916. Kakanninmu a nan aka binne su, harajinmu a nan muke biya. Amma duk ranar da aka buɗe ɗaukar ma'aikata, abin da ake fara tambayar ɗanmu shi ne takardar shaidar ƙaramar hukuma. Ta nan ta ce masa baƙo ne. Ya tafi Kano ko Katsina, can ma a ce ba a san gidansu ba.

Masu ce mana "ku je kotu mana" ba su karanta tsarin mulkin 1999 har ƙarshe ba. Gaskiya ne sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko wurin asali. To amma ƙaramin sashe na 3 na wannan sashen ya keɓe dokokin naɗi a muƙaman gwamnati, da aikin soja, da na 'yan sanda. Wato an ba mu da hannun dama, an karɓe da na hagu. Hukumar Raba Daidai ta Tarayya kuwa, wadda aka kafa a 1996, ta bar wa ƙaramar hukuma ikon cewa wane ne ɗan asali. Shugaban da bai so ka ba, shi ne alƙalinka.

Kada a ce kukan Hausawa ne kawai. A 2011 gwamnatin Abiya ta sallami ma'aikatanta waɗanda ba 'yan jihar ba, mafi yawansu Inyamurai 'yan uwansu. A 2012 aka jinkirta rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara, don an haife ta 'yar Anambra, ta zo a gurbin Abiya, jihar mijinta, inda ta yi shekaru tana aiki. Sai da Majalisar Dattawa ta sa baki. Idan alƙaliya ta sha haka, ina ga ɗan mai sayar da goro?

A 2025 mataimakin kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya janye ƙudurinsa na bai wa wanda ya shekara goma a wuri matsayin ɗan asali. Muna neman a maido shi, a kuma gyara ƙaramin sashe na 3. Kafin nan, duk wanda aka hana takarda ko aka cire sunansa, ya nemi a rubuta masa dalili, ya kawo kwafi ofishin ƙungiya. Lauya ba ya shigar da ƙara da labarin baka.