Tauraron Manomi Daban, Tauraron Ɗan Duba Daban

A garin Bauchi har gobe ana fasa aure saboda lissafi. Ba lissafin sadaki ko kayan lefe nake nufi ba. An yi bincike, an gamsu da asali da sana'a da addinin yaro, sai wata gwaggo ta ce a dakata tukuna a kai sunayensu wurin malam. Malam ya buga hisabi, ya ce taurarinsu ba su haɗu ba: ita wuta ce, shi ruwa. Shi ke nan, magana ta mutu. Na ga an yi wa 'yar ƙanwata haka a unguwar Jahun, yarinya mai haƙuri wadda ban taɓa jin ta ɗaga wa babba murya ba. Aka ce tauraronta mai zafi ne, ba ta zaman aure. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ita kanta ta fara yarda. Ta ce mini, "Kawu, ko dai haka Allah Ya yi ni?"

Ni malamin gona ne, na yi aikina a ƙauyukan da ke kewaye da Bauchi har na yi ritaya, kuma ina girmama ilimin taurari. Shi ya sa nake ganin ina da bakin magana a kan wannan.

Bari mu dubi yadda ake hisabin nan. Kowane harafin Larabci yana da adadinsa. Malam zai tara adadin haruffan sunanka da na mahaifiyarka, ya yi ta zubar da goma sha biyu-goma sha biyu, abin da ya rage shi ne burujinka. Buruji goma sha biyun kuma an kasa su huɗu: wuta, ƙasa, iska da ruwa. Daga nan sai a buɗe littafi, galibi wanda ake jingina wa Abu Ma'ashar, masanin taurarin da ya zauna a Bagadaza ya rasu a shekarar 886, a karanto maka halinka, da irin matar da za ta dace da kai, da cutar da za ta kama ka.

To, don Allah a amsa mini. Muhammadu nawa ne a cikin ganuwar Bauchi waɗanda sunan mahaifiyarsu A'isha? Je ka kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal ka ƙirga. A cikinsu akwai liman, akwai mahauci, akwai mai riƙon amana, akwai wanda ba a ba shi ajiya. A lissafin malam duk tauraronsu ɗaya, halinsu ɗaya. Sannan su kansu masu hisabin ba su daidaita ba. A lissafin mutanen gabas harafin shinun 300 ne, a lissafin Magariba, wanda malamanmu na zaure suka gada, 1000 ne. Sinun a can 60, a nan 300. Ke nan A'isha ɗaya za ta iya fitowa da buruji biyu, gwargwadon ƙofar malamin da aka ƙwanƙwasa. A kan wannan ake raba masoya.

Yanzu kuma abin ya sake riga ya shigo waya. 'Ya'yanmu na jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da sauran makarantu suna bin shafukan TikTok da Facebook inda ake gaya wa mutum halinsa daga watan haihuwarsa. Yarinyar da za ta yi wa kakarta dariya don ta je wurin mai bugun ƙasa, ita ce za ta ce ba ta kula saurayi kaza saboda watan da aka haife shi. Suna cewa wasa ne. Ina so su san inda irin wannan wasa ya kai wasu.

A ƙasar Sin, tun zamanin da masanan fada suka kasa sararin sama suka ba kowane yankin ƙasa rabonsa, suna karanta makomar yanki daga abin da ya bayyana a samansa. A zamanin nan kuma matasan birane sun rungumi burujin Turawa, har aka wayi gari an tsangwami waɗanda aka haifa a burujin Sumbula, wato daga ƙarshen Agusta zuwa wajen 22 ga Satumba, wai masu tsegumi ne da wuyar sha'ani. Wani bincike da Jackson Lu na jami'ar MIT a Amurka ya jagoranta, aka buga a 2020, ya nuna ana ƙyamar su wajen ɗaukar aiki da neman aure. Binciken ya auna halayen mutum sama da 170,000, bai sami wata alaƙa tsakanin buruji da hali ba. Ƙage ne tsagwaronsa, amma ya hana mutane abinci. A Japan kuwa, a shekarar 1966 haihuwa ta faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, saboda camfin cewa macen da aka haifa a shekarar za ta zame wa mijinta masifa. Duk wanda ya san yadda muke jifan mace da farar ƙafa idan mijinta ya yi asara ya san wannan labarin ba baƙonmu ba ne. Kuma a lura, kusan kullum a kan mace hukuncin yake faɗawa.

Wani zai ce ai abin da malam ya faɗa mini ya yi daidai da halina. Na yarda ka ji haka. A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa 39 takarda, ya ce bayanin halin kowannensu ne. Kusan duka suka ce ya faɗi gaskiya. Ashe takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, ya tsinto jimlolinta daga littafin taurari na bakin titi. Wa za a ce wa kana da zuciya amma kana dannewa, kana taimakon mutane suna saka maka da sharri, ya ce ba shi ba ne?

Malamanmu na addini sun riga sun yi magana. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Nurul Albab ya yi kakkausan suka ga masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zanen ƙasa da taurari. Kuma Malam Yakubu da ya kafa garin nan a 1809 almajirin Shehu ne. Bagere ne a cikin masu tuta da galibinsu Fulani ne. Abin da Shehu ya gani a gare shi na karatu da riƙon amana ne ya sa ya ba shi tuta. Abin kunya ne a ce a Bauchin Yakubu ana auna mutum da adadin haruffan sunan uwarsa.

Abin da ke damuna a matsayina na malamin gona shi ne, ilimin taurari na gaskiya yana mutuwa a hannunmu alhali na bogi yana ƙiba. Tsofaffin manoman da na yi aiki da su sun san taurari 28 na shekara, kowanne kwana 13, sai Jabha mai kwana 14, jimilla 365 cif. Dattijo zai ce maka yau kwana kaza da shigar Nasara, saura Ɗarfa, saura Jabha, ya san lokacin da shuka ta yi latti da lokacin da ruwa ke yin nauyi. Ya san Kaza da 'ya'yanta, ya san Gamzaki da ke tashin mutane da asuba. Bai taɓa cewa tauraro ne ke saukar da ruwa ba, domin ya san hadisin Hudaibiyya da ya yi hani ga hakan. Agogo ne kawai a wurinsa, kalanda ce da Allah Ya rataya a sama. Wannan ilimi ana iya jarraba shi: ka sa ido bana, ka sa ido baɗi, ka ga inda ya dace da inda sauyin yanayi ya gurgunta shi. Hisabin aure kuwa ba mai komawa ya ƙirga gidaje nawa aka ce taurari sun haɗu amma aka rabu kafin shekara.

Kuma muna da gado a wannan fanni. Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, har yau masu tarihin lissafi suna ambatonsa saboda ƙa'idojin da ya rubuta na jera lambobi a hatimi. Gaskiya ne ya yi rubutu a kan sirrin taurari ma, amma lissafin nasa ne ya tsaya da ƙafarsa a gaban masana.

Ina roƙon gidan rediyon jiha, BRC, ya riƙa faɗin tauraron da ake ciki a shirin manoma, a haɗa shi da hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara. Ina roƙon sashen aikin gona na jami'armu ya tura ɗalibai Liman Katagum da Zungur da Miri su ɗauki muryoyin dattawan nan tun suna raye, a gwada abin da suka sani da bayanan ruwan sama. Limamanmu kuma, daga Gwallaga har masallacin fada, su fito fili su raba wa mutane istihara da duba, domin gidaje da yawa sunan istihara suke kira alhali hisabi ake buga musu. Waliyyin da aka kawo wa maganar taurari a kan auren 'yarsa, ya tura a tambayo masa maƙwabtan yaron da abokan cinikinsa da limamin unguwarsu.