Takalmi Mai Tsini a Ƙafar 'Yar Shekara Bakwai: Wayewa Ko Zalunci?

'Yan uwana ɗalibai da ma'aikata, akwai wata ɗabi'a da ta kutso cikin kayan Sallah wadda ya kamata mu tsaya mu dube ta da idon basira, watau saya wa ƙananan yara mata takalma masu tsinin dunduniya. Sai ka ga yarinyar da ko famfara ba ta gama ba tana tafe tana tangaɗi kamar sabon ɗan maraƙi, iyaye kuwa suna ta murna wai 'yarsu ta waye. Kaico!

Ƙafar ɗan Adam ƙasusuwa 26 gare ta. A jikin yaro ba su gama ƙwari ba, kuma ƙafar yarinya takan ci gaba da girma har wajen shekara 14. Tsinin dunduniya kuwa aikinsa shi ne ya tattara nauyin jiki ya ɗora a kan yatsu, ya matse su. A shekarar 2010 masu bincike a Manchesta ta ƙasar Ingila suka gano cewa matan da suka daɗe suna sa irin takalman nan, zaren naman sha-raɓarsu ya gajarce da kashi 13 cikin 100, agararsu kuma ta yi kauri ta ƙage. To, in babbar mace ta sha wannan, ina ga yarinya? Ai icce tun yana ɗanye yake tanƙwaruwa, ko ta hanyar kirki ko ta banza.

Wani zai ce ai ado ne na yini guda. Haba malam! Targaɗe ya san ranar Sallah ne? Lungunanmu cike suke da ramuka da kwatami. Ban da wannan ma, me muka koya wa yarinyar? Mun hana ta gudu, mun hana ta gaɗa da 'yar gala-gala, mun nuna mata tun da wuri cewa aikinta shi ne ta jure ciwo domin a kalle ta.

Abin takaici, waɗanda muke kwaikwayo su kansu sun fara gajiya. A 2015 aka kori Nicola Thorp daga wurin aiki a Landan don ta ƙi sa takalmi mai tsini, mutane sama da 150,000 suka sa hannu a takardar kokenta, har majalisar ƙasar ta zauna a kan maganar. Abin da manyan matansu ke yaƙi da shi, shi muke cusa wa yaranmu.

Kada mu ɗora laifin duka a kan iyaye. Sau da yawa mu ne, 'yan boko, muke kwasar alawus ko albashin farko mu sayo wa ƙannenmu. Alhali ga dukawan Ƙofar Wambai a Kano suna ɗinka takalma shimfiɗaɗɗu na fata, masu kyau da ƙarko. Bana in za ku yi sayayyar Sallah, ku auna ƙafar yarinya, ku saya mata abin da za ta iya gudu da shi. Ilmin da bai kare ƙafar ƙanwarka ba, ina amfaninsa?